Dokin Ƙarfe a Turbar Fatake: Keke da Doguwar Tafiya a Ƙasar Karaye da Rogo

A Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 akwai wani layi da ba kasafai ake kula da shi ba. Jadawali na Huɗu, inda aka zayyana ayyukan ƙananan hukumomi, ya ɗora musu alhakin ba da lasin keke, haɗe da na kwalekwale da baro da amalanke. Ke nan a takarda, har gobe sakatariyar Karaye da ta Rogo suna da hurumin tambayar mai keke lasinsa. Yau in ma'aikaci ya tare mutum a kan haka, 'yan kasuwa dariya za su yi masa. Dattawan da suka ga zamanin En'e kuwa sun san da ba wasa ba ne. Duk shekara ake biya, a ba mutum 'yar lamba ta ƙarfe ya maƙala a jikin kekensa, ɗan doka kuma ya tsaya a bakin kasuwa yana duba wanda bai sabunta ba. A wancan lokaci keke jari ne. Shi ne kuma abin hawan da ya fara ba talakan yammacin Kano damar ya yi doguwar tafiya shi kaɗai, ya je ya dawo, bai jira ayari ba, bai jira mota ba.

Zamanin jaki da madugu

Karaye da Rogo suna kusurwar kudu maso yammacin Jihar Kano, kuma su biyu ne ke ƙarƙashin masarautar Karaye tun sauyin da aka yi a 2024. Rogo kaɗai ta kai murabba'in kilomita 800, ta yi iyaka da Makarfi da Kudan ta ɓangaren Kaduna, da Ɗanja da Ƙafur ta ɓangaren Katsina. Ƙasa ce ta hawa da gangara. A hau tudun jar ƙasa da marmara, a gangara fadama, a tsallake rafi, a sake hawa, mafi yawan rafukan kuma kogin Challawa suka nufa. Ruwan sama ya fi na arewacin Kano yawa, shi ya sa auduga da rake da dawa suke yi sosai.

A ƙarni na 19 wannan yanki yana tsakiyar ƙasar saƙa da rini, wadda ta miƙa daga kudancin Kano zuwa arewacin Zazzau. Zarewa da Beli da Fulatan da Rogo da Karaye garuruwan marina ne, kamar maƙwabtansu Makarfi da Kudan da Hunƙuyi. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya ƙiyasta cewa tufafin da ƙasar Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Ba a cikin birni aka saƙa su duka ba. Ƙauyuka irin waɗannan ne suka noma audugar, mata suka kaɗa zaren, masaƙa suka saƙa, marina suka tsoma a baba, mabuga suka buga, sannan fatake suka ɗora wa jakuna.

Doguwar tafiya dai ba baƙuwa ba ce a nan, amma tafiya ce ta taro. Mai son zuwa Gwanja sayo goro sai ya shiga ayari mai madugu da jagaba da uban dawaki, a riƙa yin kamar kilomita 20 zuwa 25 a yini, a sauka a zango, a biya kuɗin fito a bakin kogi, a yi wa sarakunan hanya gaisuwa. Zuwa da dawowa kan ci watanni da yawa, wani lokaci har shekara.

Dalilin taron kuwa tsoro ne. Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877 a ƙauyen Karo kusa da Zarewa, ta ba wata mai suna Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi littafi a 1954. A ciki ta faɗi yadda mahara, musamman mayaƙan wani da ake kira Mai Sudan, suke faɗo wa mutane a gona da hanya, yadda ake gudu a shige ganuwar Zarewa, da yadda dangi ke haɗa wuri su fanso wanda aka kama. A irin wannan zamani, da an ba mutum keke kyauta ma ba zai kai shi ko'ina ba, domin mai tafiya shi kaɗai abin kamu ne.

Yadda aka haifi keke a Ingila

Baba tana 'yar shekara takwas ko makamancin haka aka ƙera keken da muka sani. A 1885 John Kemp Starley na garin Coventry ya fito da keke mai tayoyi biyu kusan daidai, da sarƙa mai juya ta baya. A 1888 John Boyd Dunlop ya kawo tayar da ake hura wa iska. A tsakanin waɗannan shekaru ne wani attajiri, Frank Bowden, wanda likita ya ba shawarar ya riƙa hawan keke don lafiyarsa, ya sa kuɗi a wani ƙaramin shagon ƙera keke da ke layin Raleigh a Nottingham. Sunan layin ne ya bi kamfanin har ƙauyukan Kano.

Can a Turai, yawon keke da nishaɗi ya faro. Tun 1878 masu keke suka kafa ƙungiyar yawon buɗe ido a garin Harrogate, wadda daga baya ta riƙa buga jerin masaukai da bayanin hanyoyi domin 'ya'yanta. Thomas Stevens ya tashi daga San Francisco a watan Afrilun 1884 a kan tsohon samfurin keke mai ƙatuwar taya a gaba, ya kammala zagayen duniya a Yokohama ta Japan a Disambar 1886. Kazimierz Nowak, mutumin Poland, ya ratsa Afirka daga arewa zuwa kudu ya kuma dawo tsakanin 1931 da 1936, tafiyar kusan kilomita 40,000, mafi yawanta a keke, saura a ƙafa da doki da raƙumi da kwalekwale. Jikokinsu a wannan harka su ne masu bin gaɓar tekun Atlantika a yau, daga Norway har Fotugal, suna hawa duwatsu suna gangarawa, da jakunkuna rataye a gefen taya da ɗan tanti a baya.

Su nisan suke nema don kansa. Mutumin Rogo kuwa nisan ne ya tsaya tsakaninsa da abincinsa.

Jirgi, auduga da kanti

Abubuwa uku suka haɗu kafin keke ya samu gindin zama. Na farko, bayan Turawa sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, hare-haren kamun bayi suka mutu sannu a hankali, mutane suka fito daga ganuwa suka kafa unguwanni kusa da gonakinsu. Na biyu, layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya ɓarke a 1912, kamfanin audugar Turawa ya kafa injinan gurza a Zariya, daga baya a Funtuwa da Malumfashi, aka kuma raba wa manoma sabon irin auduga na Amurka. Kuɗin wuri suka ba sulalla wuri, haraji kuma da sulalla ake biyansa. Na uku, jirgin da ke kwashe amfanin gona shi ne ke dawowa da kayan kanti: atamfa, kananzir, kwanon sha, keken ɗinki da keken hawa, a kantunan John Holt da G.B. Ollivant da UAC, wanda aka haɗa a 1929.

Sai dai jirgi bai bi ta Karaye ba, bai bi ta Rogo ba. Layin Kano zuwa Zariya ya wuce ta gabas, ta wajen Madobi da Ɗangora, layin Funtuwa kuma ya bi ta yamma a ƙarshen shekarun 1920. Yankin ya zauna a tsakiya, da 'yan hanyoyin mota na ƙasa da damina ke yankewa, da ɗaruruwan turbobi da burtalai waɗanda ƙafa da kofato suka daddaɓe shekara da shekaru. Mota tana son hanya mai faɗi da gada. Keke kuwa faɗin tafin ƙafa ya ishe shi, ya bi tsakanin gona da gona, in an zo rafi a saɓa shi a kafaɗa. Hanyar da fatake suka bari, ita ya tarar a shirye.

Ma'aikatan En'e ne suka fara yawo da shi: masinjan hakimi, malamin haraji, malamin gona, duba-gari, malamin makaranta, sai masu awon auduga da gyaɗa na kamfanoni. Ƙaramin ma'aikaci yana iya karɓar rancen keke a riƙa cira a albashinsa. Sojojin da suka dawo daga yaƙin Bama bayan 1945 sun zo da 'yan kuɗi a hannu, kuma keke na cikin abin da aka fi saye da su. Da farashin amfanin gona ya tashi a shekarun 1950, sai manomi ma ya shiga layi: a sayar da auduga da kaka, a biya haraji, a yi wa iyali tufafi, abin da ya saura a kai kanti. Siyasa ma ta hau. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, 'ya'yanta, waɗanda akasarinsu teloli ne da 'yan koli da ƙananan 'yan kasuwa, da keke suka riƙa kai saƙonta ƙauyukan da motar hakimi ba ta shiga.

Raleigh ne sarki, sai Hercules da Phillips da Rudge suna biye. Akwai wata sananniyar talla da Raleigh ya yi don kasuwannin Afirka, mai hoton wani mutum a kan keke yana murmushi, zaki na binsa a guje ya kasa cim masa. Nijeriya ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kamfanin a duniya, har ya kafa masana'anta a Kano.

Cin kasuwa bakwai

Babban abin da keke ya sauya shi ne lissafin mako. Kowace kasuwar ƙauye da ranar cinta. Mai jaki yana tafiyar kilomita 4 ko 5 a awa, saboda haka kasuwar da ta wuce kilomita 15 ta zama ta kwana. Mai keke a busasshiyar turba yana yin ninki uku na haka. Ɗan kolin da a da yake cin kasuwa biyu a mako sai ga shi yana cin biyar ko shida, yau Karaye, gobe Gwarzo ko Getso, jibi ya tsallaka Makarfi ko Ɗanja, kuma mafi yawan dare a ɗakinsa yake kwana. Jarinsa na juyawa da sauri, labarin farashi na riga kaya isa. Ba ya yanka wa keke ciyawa, ba ya ba shi dusa, ba ya tashi cikin dare don ya ji ko an kwance shi.

Keken da ya yi wannan aiki baƙi ne, mai nauyin kusan kilo 20, taya inci 28, giya ɗaya tak, birkinsa na sandar ƙarfe ba na waya ba, sirdinsa na fata a kan sifirin. Ba a ƙera shi don gudu ba, kuma mutanen karkara ba su bar shi yadda ya zo ba. Kariyar kanti ba ta ɗaukar buhu, sai a kai wa maƙeri, daga baya mai walda, ya yi wata da rodi, ya ƙara mata ƙafafu biyu zuwa gindin taya. A canza wayoyin tayar baya da masu kauri. A yanka tsohon tib a yi igiyar roba, wadda ta fi kowace igiya riƙe kaya. Da haka buhun masara mai kilo 100 yake hawa.

Ɗaurin rake kuwa sai an gani. Mai rake yakan jingina keken da bishiya a bakin fadama, ya zura dami ɗaya ta tsakiyar firam a tsaye da tsawon keken, ya ɗora wani a kan kariya a gicciye, ya ja roba ya zagaya sau uku ko huɗu, ya sa gwiwa ya danne kafin ya ƙulle. Daga nan babu zancen hawa sai an fita tudu. Hannu ɗaya a kan keken, ɗaya a bayan sirdi, ƙirji a jikin kaya, yana turawa yana haki har ya kai inda ƙasa ta miƙe. A gangara kuma aikin ya juya, domin kayan ne ke jan mutum, birkin sanda kuma in taya ta jiƙe sai a hankali, don haka za ka ga ya sa diddigen takalminsa yana goga ƙasa. Haka mai mazarƙwaila yake fama, da mai itace, da mai harawa, da mai kaji da akurkinsa, da Bafulatanin da ya rataya jarkokin madara hagu da dama.

Kowane lokaci na shekara da irin wahalarsa. Da damina jar laka ce ke cushewa tsakanin taya da marufinta har keken ya ƙi motsi, sai an nemi tsinke an sassaƙe. Da rani yashin rafi ne ke shanye taya. Da hunturu iskar gabas ce ke tare mai komawa Kano a ƙirji. Ƙaya kuwa ba ta da lokaci: tsidau a kan turba, ƙayar aduwa da ta bagaruwa a gindin bishiya inda mutum ya tsaya shan inuwa.

Wannan ƙaya ita ta haifi sana'ar faci. A kowace kasuwa akwai inuwar da mai gyaran keke ya kafa, da akwatin sifanu, da famfo, da gwangwanin giris, da kwanon ruwa da ya yi baƙi.

"Sannu da aiki, Baba. Ta baya ce ta yi faci, ga shi ina son in kai Rogo kafin la'asar."

"Sauke kayan tukuna, ɗan samari. Ba a yi wa keke magani da buhu a kansa."

Sai ya kifa keken a kan sirdi, ya sa ƙarfe biyu ya ɓanɓare taya, ya zaro tib, ya ba shi iska, ya riƙa tsoma shi a ruwa gaɓa-gaɓa har inda kumfa ta taso. Ya soka tsinken ashana a hujin don kada ya ɓace masa, ya goge wurin ya kankare, ya yanko ɗan tsohon tib ya kankare shi ma, ya shafa sholisho a duka biyun, ya jira su sha iska har su daina kama yatsa, sannan ya manna ya bubbuga. Kafin ya mayar, sai ya zagaya cikin tayar da yatsa, domin in ƙayar tana nan, aikin banza aka yi. Wanda facin ya same shi a daji, ba mai gyara kusa, yakan ɗaure wurin hujin tam da zaren roba ya ƙara iska, ko ya cusa ciyawa da tsumma a cikin tayar ya lallaɓa zuwa gari.

A wajen mai gyaran ne kuma yara suke koyon hawa. Yana da tsofaffin kekuna biyu ko uku na haya, a biya kwabo ko sisi a yi 'yan mintoci. Yaron da ƙafarsa ba ta kai ba sai ya zura ta ƙarƙashin sandar firam ya taka feda a karkace, 'yan'uwansa na biye da shi a guje suna jiran a ba su ɗani.

Babur ya shigo, ruwa ya tare hanya

Kuɗin man fetur ne suka fara rage wa keke daraja. Da aka biya ma'aikata ƙarin albashin da aka fi sani da Udoji da bashinsa a farkon 1975, malamin makaranta da malamin gona suka koma Honda da Suzuki da Yamaha da Vespa, keke ya zama na manomi da ɗalibi. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 naira ta faɗi, masana'antun Kano suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya, ta keke ma ba ta tsira ba. Phoenix na ƙasar Sin da Hero da Avon na Indiya suka cike gurbin, duk a kan fasalin tsohon baƙin keken Ingila. Daga farkon shekarun 2000 kuma baburan Sin masu araha irin su Jincheng, sannan Bajaj na Indiya, suka kai acaɓa har ƙauyen da ba a taɓa zato ba.

Ita ma ƙasar ta sauya. Tsakanin 1990 da 1992 kamfanin Julius Berger ya kammala madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye, kimanin kilomita 90 daga birnin Kano. Tsayinta mita 42, tsawon bangonta kilomita 7.8, tana iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da ita. Ruwan ya cinye gonaki da fadamu da tsofaffin turbobi, an tashi ƙauyuka an sake musu matsuguni. Garuruwan da a da mai keke ke haɗawa cikin ɗan lokaci sai ga ruwa a tsakaninsu, ko dai a yi dogon zagaye, ko a ɗora keken a kwalekwale a biya kuɗin mutum da na keke. Yankin da bai san teku ba ya wayi gari da doguwar gaɓa mai lunguna, tudu na gangarowa har bakin ruwa. Gaɓar ta kawo nata cinikin: masunta, masu bandar kifi, masu noman rani, da masu keke da ke jiran kwalekwale da sassafe don su riga rana kai ɗanyen kifi kasuwa.

Masu dogon zango

Tafiyar da ta fi kowace tsawo a wurin Bahaushe ita ce ta gabas. Kafin jirgin sama ya karɓi aikin hajji a shekarun 1950, alhazai ta ƙasa suke bi: Barno, Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, Abeshe, Aljinaina, Alfashir, Al'ubayyid, har bakin Bahar Maliya a Sawakin ko Port Sudan. Sukan tsaya su yi noma ko ƙwadago su tara guzuri, tafiyar ta ci shekaru, wasu ma su zauna can, kamar mutanen Mai Wurno da suka kafa gari a bakin kogin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903.

Masu keken wannan zamani da suka yi suna a Afirka ta Yamma, sawun waɗannan alhazai suka bi. Aliyu Abdullahi Bala ya tashi daga Jos a kan keke a 2021, ya bi ta Chadi da Sudan, ya isa Saudiyya a ƙarshen 2022. Mamadou Safayou Barry, ɗan ƙasar Gini, ya hau keke a 2023 da niyyar karatu a Jami'ar Azhar, ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar har Chadi, kusan kilomita 4,000 cikin wata huɗu, an tsare shi a hanya fiye da sau ɗaya, kafin masu taimako su saya masa tikitin jirgi zuwa Alƙahira, inda jami'ar ta ba shi gurbi kyauta. Tun kafin su, a 1952, wani ɗalibi ɗan Nijeriya a Amurka, Olabisi Ajala, ya taka keke daga Chicago zuwa Los Angeles, mil 2,280, sanye da kayan gida, yana tsayawa a garuruwa yana yi wa Amurkawa bayanin ƙasarsa.

Abin da ya bambanta irin wannan tafiya da ta Bature mai tanti shi ne masauki. Matafiyin ƙasar Hausa bai saba ɗaukar ɗaki a bayan keke ba, domin tsarin karɓar baƙo ya girmi keken. In magariba ta riske shi a Zoza ko Ruwan Bago ko Tudun Kaya, masallaci zai nufa. Bayan an idar ya gaisa da liman, a haɗa shi da yaro zuwa ƙofar mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, baƙo ne. Daga wajen Malumfashi nake, dare ya yi mini."

"Maraba da baƙo. Shigo da keken zaure, kada raɓa ta taɓa kayan."

Za a kawo ruwa, a kawo tuwo daga gida biyu ko uku, a shimfiɗa masa tabarma. Ladan gidan shi ne labari: nawa ake sayar da dawa a inda ya fito, ruwa ya sauka ko bai sauka ba, wace gada ce ta karye. Da asuba a nuna masa turbar da ta fi sauƙi, a gaya masa sunan wanda zai nema a gari na gaba. Almajirai masu tafiya ci-rani, da masu maganin gargajiya, da masu kai goron gayyatar biki ga dangi na nesa, duk da wannan tsari suka yi ta ratsa ƙasa a kan taya biyu.

Bayan cire tallafi

A 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma keke, har wata motar bas ta ture shi cikin kwalbati a Abuja yana kan hanyar zuwa taron majalisar ministoci. Jama'a suka yi ta ba'a. Abin da jawabinsa bai yi ba, farashi ya yi. Daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta haura 1,000 a 2024. Kuɗin acaɓa daga ƙauye zuwa kasuwa ya kai inda yake cinye ribar ƙaramin ɗan kasuwa. Kekunan da aka rataye a zaure aka sauko da su, masu faci da suka koma gyaran babur suka sake nemo ƙananan sifanu.

Sai dai sharaɗin farko na tafiyar mutum ɗaya, wato zaman lafiya, shi ne ya yi rauni. Ta'asar 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane a kudancin Katsina da arewacin Kaduna ta sa garuruwan kan iyaka suna sa ido a kan baƙuwar fuska, kuma baƙon da a da ake cewa ya shigo zaure, yanzu sai ya amsa tambayoyin 'yan sintiri tukuna. Mai cin kasuwar nesa yana lissafin ya dawo gida da sauran rana.

Kekunan ma sun sake kama. Ban da baƙin keken Sin da Indiya, kasuwa ta cika da na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Japan, akasari ta tashoshin ruwan Legas da Kwatano: marasa nauyi, masu giya 18 ko 21, da birkin waya, wasu har da maƙalar gorar ruwa. Da yawansu don yawon hutu a duwatsu da bakin teku aka ƙera su. A Karaye da Rogo 'yan sakandare ne suka fi son su, saboda giyar tana sauƙaƙa hawan tudu. Manomi kuwa in ya sayi irinsu, wajen mai walda yake fara kaiwa a ɗora masa kariyar rodi, in na'urar canjin giyar ta lalace kuma ba a samu irinta ba, mai gyara ya cire ta, ya rage tsawon sarƙar, ya mayar da keken mai giya ɗaya.